Hajiya da keke mai batir a Disney: me za ta hau, me za ta kalla?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da war haka. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa na kawo muku wannan. Hajiyarmu ta zo daga Kano ganin jikoki, su kuma sun tasa ta a gaba sai an je Disney, babban wurin wasannin nan na Orlando a Amurka, da ita a hutun nan. Gwiwa ce matsalar. A cikin gida tana takawa daga ɗaki zuwa falo, amma sallah a kujera take yi, doguwar tafiya kuwa ba a maganarta. Mun ce ko mu ɗaukar mata hayar keken nan mai batir. Tsorona kada mu zuba kuɗin tikiti ta wuni a rana tana gadin jakunkuna, yara suna ta hawa abubuwa. Wa ya taɓa zuwa da dattijo?

Alhaji na Bronx: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Keken kam ku ɗauka, ba sai an tsaya shawara ba. Wurin ba fili ɗaya ba ne, huɗu ne, kowanne gari guda. A EPCOT, ɗaya daga cikinsu, zagayen tafkin da aka jera rumfunan ƙasashe a bakinsa kaɗai ya kusa kilomita 2, ban da tafiyar da za a yi daga ƙofa kafin a isa can. Magic Kingdom kuma ba a ajiye mota a bakin ƙofarta, sai an tsallake ruwa da jirgin fito ko a hau Monorail, jirgin nan mai bin layin dogo ɗaya a sama. Duka biyun keken yana shiga. Mai lafiyar ƙafa ma da la'asar ta yi benci yake nema.

Anti Nas: Ƙanwata, kafin a shiga maganar haya, amsa mini waɗannan. Hajiya tana iya miƙewa daga kujera mai ƙasa-ƙasa ba a ɗaga ta ba? Tana iya sauke ƙafa cikin wuri mai zurfi, ta sake haurowa? Keken bakin abin hawa kawai yake kai mutum. Abin da zai yanke ko za ta hau ko ba za ta hau ba, 'yan takun nan ne tsakanin keken da kujerar. Kuma ku sani ma'aikatan wurin ba a yarje musu su ɗaga baƙo ba. Za su nuna hanya, su matsar da keke, wani wurin su rage gudun abin, amma ɗagawa da riƙewa naku ne.

Maman Ilham: Anti, daga kujerar tebur tana tashi da kanta idan ta dafa. Daga kushin mai laushi sai an ba ta hannu. Bahon wanka kuwa ba ta shiga ko kaɗan, saboda ɗaga ƙafar.

Anti Nas: Madalla, yanzu na san inda za mu dosa. A manhajarsu da taswirar da ake bayarwa a ƙofa, kowane abin hawa da alamarsa, ku duba tun daga gida.

Akwai waɗanda ba za ta sauka daga kekenta ba sam. Yawancinsu na zama a kalla ne: Carousel of Progress, PhilharMagic, Festival of the Lion King a Animal Kingdom. Kada ku raina su, akwai inuwa ko sanyin na'ura, kuma nan ne jiki yake hutawa. Jungle Cruise ma yana cikin wannan sahu, domin akwai jirgi na musamman da aka yi wa wurin ɗaukar keke, sai dai za a ɗan jira ya zagayo.

Sai waɗanda za ta koma keken guragu na hannu, wanda ake ba da aro kyauta a bakin layin, a shiga da ita a kansa har cikin jirgi ko mota. A nan ne arzikinku yake. It's a Small World, Winnie the Pooh, Little Mermaid, Living with the Land da Gran Fiesta Tour a EPCOT, Toy Story Mania, da Kilimanjaro Safaris, motar kallon namun daji a Animal Kingdom, duk suna da abin hawa mai ɗaukar keken hannu. Ga mai tashi daga kujerar tebur, sauyi daga keke zuwa keke ba wani abu ba ne. Amma sai kun buɗe baki kun ce kuna son mai ɗaukar keke, in ba haka ba za a ɗauka za ta iya shiga na kowa.

Inda nake so ku yi hattara shi ne jiragen ruwan da dole a sauka cikinsu: Pirates of the Caribbean, Frozen Ever After, Na'vi River Journey. Ba gudu ne matsalarsu ba. Jirgin yana ƙasa da dandamali, benci gajere, gwiwa a naɗe. Shiga da sauƙi, nauyin jiki ne yake kai mutum. Fitowar ce aiki, ga mutane a baya suna jira, ga kunya. Tunda bahon wanka yana gagarar Hajiya, ni dai da zan bar mata waɗannan.

Soarin' kuwa, duk da dole a sauka daga keke, kujerarsa daidai tsayin kujerar gida take, ana kai keken dab da ita. In ba ta tsoron a ɗaga ta sama ƙafafu suna reto, wannan ta hau.

Baban Khalifa: Ƙari a kan na Anti: Peter Pan's Flight da PeopleMover ku cire su daga lissafi. Su na mai takawa ne da ƙafarsa, ana hawa ne daga kan daɓe mai tafiya. Gidan bishiyar Swiss Family ma matakala ce zalla. Haunted Mansion, wato gidan fatalwa, shi ma da daɓe mai tafiya, amma nasa ana rage masa gudu ko a tsayar idan kun gaya wa ma'aikaci tun a bakin layi.

Maman Ilham: Gidan fatalwa? Ai ko da ƙafa goma Hajiya ba za ta shiga ba, sai dai ta tsaya a waje tana yi mana addu'a.

Gwaggon Yara: Ku nemi katin nan na masu lalura, DAS. An ce da shi ba a bin layi.

Baban Khalifa: Gwaggo, wannan labarin ya tsufa. Tun watan Mayu na 2024 suka taƙaita shi ga masu lalura irin ta otizim, waɗanda tsayuwa a layi take gagara saboda yanayin ƙwaƙwalwa. Ciwon ƙafa kaɗai ba ya sa a samu, kuma ko a da ma ba tsallake layi ba ne, lokaci ake ba mutum ya je ya dawo. Hujjarsu ita ce yawancin layukan keke yana bi, don haka Hajiya za ta bi layi a zaune tare da jikokinta. Inda layin ya tsufa ko yake da matakala ne kawai ake nuna wata ƙofa ko a rubuta muku lokacin dawowa. Abin yana da nasaba da shekarun wurin. An buɗe Magic Kingdom a 1971, dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta Amurka kuwa sai a 1990 aka sa mata hannu. Animal Kingdom da aka buɗe a 1998 layukanta sun fi faɗi, sai dai ita kuma hanyoyinta da gangan aka yi su da gargada da hawa da gangara, suna cin batir.

Alhaji na Bronx: Batun haya, ni na cikin gidan nake ɗaukar wa tsohona. Kana shiga ƙofa ka nuna katin shaida, ka biya na yini da kuɗin ajiya da ake mayarwa, da dare ka miƙa musu abinsu ka yi tafiyarka. Babu caji, babu ɗorawa a mota. Su ECV suke kiransa, haka za ku ce a kanta.

Baban Khalifa: Alhaji, a nan kam ban bi ku ba. Na cikin gidan ba a kama shi tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma a ranakun hutu yana ƙarewa tun da hantsi. Sannan ba a fita da shi waje. To wa zai kai Hajiya daga ƙofa zuwa jirgin fito, daga jirgi zuwa mota, daga mota zuwa ɗakin otal, da dare bayan an gaji? A nan ne ma aka fi buƙatarsa. Kamfanonin haya na waje sun cika Orlando, suna kawowa har masauki, kuma na kwanaki ya fi araha. Idan a otal ɗin Disney za ku sauka, ScooterBug ne kaɗai ake karɓar wa keke a ajiye muku a wurin masu kaya, sauran sai kun haɗu da direbansu hannu da hannu. Idan da motarku za ku, ku ce mai kwancewa gida-gida kuke so, wanda zai shiga but.

Alhaji na Bronx: Wannan gaskiya ne. Namu tsohon yana iya takawa zuwa mota, shi ya sa ban ji a jikina ba. Ta Hajiya daban.

Ɗan Maraɗi: Ni aikina tuƙi ne, bari in yi maganar bas. Bas-bas ɗin Disney keke biyu suke ɗauka, kuma kada ya wuce inci 30 a faɗi da 48 a tsawo, ku faɗa wa mai haya. Mai keke ake fara ɗorawa ta ƙofar baya, shi ne kuma na ƙarshen sauka. Jera keken a gurbinsa cikin bas shi ne abin da ya fi ba sababbi wuya, ga jama'a sun zuba ido. Ku bar Hajiya ta taka ta zauna a kujera, maigidanki ya shigar da shi, direba ya ɗaure. Skyliner, akwatunan nan da ke ɗaukar mutane a kan waya ta sama, ya fi daɗi, akwai inda ake tsayar da akwatin cak a gefe a shiga a natse.

In kuma yaran sun ce sai Universal, wani wurin wasanni na daban a Orlando, saboda Harry Potter, to can tsarin daban ne. Keke mai batir ba ya shiga yawancin layukansu, sai jirgin ƙasa na Hogwarts Express. Ana ajiye shi a waje a koma na hannu, wani ya tura. Kuma abubuwan hawansu masu jijjiga sun fi yawa. Ni da zan ce ranar Universal Hajiya ta huta a masauki.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. Saura babbar matsalar. Hajiya ta ce ita ba gurguwa ba ce da za a ɗora ta a keke jikoki suna kallo.

Hajiya Babba: 'Yata, ki ba ta wayar mu gaisa, ko ki karanta mata wannan. Ni ma haka na ce. A Harami na fara hawa irinsa, a benen da aka ware wa masu keken lantarki, na yi ɗawafi na yi Safa da Marwa a kansa, na fito da sauran ƙarfina na yin sallah. Wanda ya hau shi a ɗakin Allah, don me zai ji kunyarsa a wurin wasan yara? Kuma ki gaya mata a Orlando ba mai kallonta. Masu hawa sun yi yawa, har da waɗanda ba su kai ta shekaru ba. Abin da ya fi mini ciwo a da shi ne a riƙa tsayawa ana jirana, ina ganin yara suna ƙosawa suna ɓoyewa. Da keken ni ce a gaba, su ne suke cewa Hajiya a rage gudu.

Abu ɗaya da maza ba za su faɗa miki ba: zane da hijabi. Dogon hijabi yana zubowa ta gefe ya shiga taya. Ta tattare shi ta danne a ƙarƙashin cinya kafin ta murɗa makulli, ko ta sa gajere a ranar. Kujerar tana juyawa gefe, akwai ɗan ƙarfe a ƙasanta, ta juya ta sauke ƙafafu biyu a ƙasa sannan ta miƙe. Kuma ta kashe keken kafin ta tashi, don hannun riga yana taɓa abin ba da wuta.

Anti Nas: Hajiya Babba ta gama magana. Ku kai ta babban kanti irin su Walmart tun yanzu ta gwada nasu na masu sayayya, ta saba da kwana da ja da baya. Keken ba shi da birki irin na mota, sakin hannu ne tsayawarsa. Maɓallin gudu yana da hoton kunkuru da zomo, a cikin jama'a ya zauna a kunkuru. Ɗayanku ya riƙa tafiya a gabanta yana buɗe hanya, domin yara suna gittawa ba su duba ba. A Main Street, babban titin shiga Magic Kingdom, ta kula da layin dogon da ke tsakiyar titi, yana kama taya, a tsallake shi a miƙe ba a karkace ba. Kuma ba a ɗora jika a cinya, an hana.

Don alwala ku nemi banɗakin da ake shiga da mai taimako, ɗaki guda ne mai faɗi da famfo a ciki, keken yana shiga. Kowane fili kuma yana da ɗakin ba da agajin gaggawa, in zafi ya yi mata yawa ta je ta kwanta kaɗan. Idan tana da hawan jini ko ciwon baya, ku karanta allon gargaɗi da ke bakin kowane abin hawa. Har Kilimanjaro Safaris yana da shi, don motar tana girgiza.

Baban Khalifa: Safarin nan dai in lafiya ta bari kada ya wuce ta, kuma ku je da sassafe kafin dabbobi su shige inuwa. Raƙumin dawa yakan zo har kusa da mota. Surukata da aka kai ta ce ta je Yankari ba ta ga karkanda ba, sai ga shi a Amurka.

Ɗan Maraɗi: Hutun bazara za ku ko na Disamba? In tsakanin Yuni da Satumba ne, kusan kullum da rana sai hadari ya haɗo. Ku sa hular wanka ta leda a kwandon keken, da an fara yayyafi a rufe kan sitiyarin, nan ne wayoyin suke. A yi caji kowane dare, a tafi da cajar. In kun ajiye shi za ku shiga wani wuri, ku zare makulli, ku ɗaura masa ƙyalle mai launi. Ma'aikata suna matsar da kekuna su jera su, za ku fito ku tarar da guda ashirin iri ɗaya.

Maman Ilham: Yuli ne, Malam. Na sa hular wanka a jerin kaya. Baban Khalifa, mai taya uku zan ce ko mai huɗu?

Baban Khalifa: Mai uku ya fi saurin kwana a layi mai lanƙwasa da cikin bas, mai huɗu ya fi zama daram a gargada. Tunda sabuwar hawa ce kuma za ku Animal Kingdom, ki ce mai huɗu, ki faɗa musu nauyinta tsakani da Allah don su ba da mai batirin da zai kai dare.