Waɗanda sunka kalli Matrix na huɗu, yaya kuka same shi?

Na-Kanwuri:
Assalamu alaikum jama'a. Ina son duk wanda ya kalli The Matrix Resurrections ya zo ya faɗi yadda ya same shi. Ba labarin fim ɗin nike tambaya ba. Inda ka kalla, da wa kuka kalla, da abin da ka ji a ranka, su nike so. Na farko ya fito 1999, na biyu da na uku duk cikin 2003, sannan anka yi shiru shekara 18 kafin wanga ya fito a Disambar 2021. Ni dai har yau zuciyata ba ta tsaya wuri guda a kansa ba, shi ya sa nike son jin na wasu.

Baban Ummi, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Ni na farkon a gidan kallo na gan shi, muna samari, faifan CD biyu ne, ana kashe na ɗaya a sa na biyu. Turancin ba ma ji sosai, amma wurin da Neo, jarumin fim ɗin, ya lanƙwashe baya harsashi na wucewa a hankali, ɗakin gaba ɗaya miƙewa ya yi. Bayan nan yaran unguwa kowa na gwada lanƙwasar a kan rairayi. To da wannan zumuɗin na je shagon masu turawa anka sa mini sabon a waya, na haɗa da talabijin bayan isha'i, lokacin hunturu ne ana sanyi, na ce yarana maza su zauna su ga abin da babansu ke ba su labari.

Wallahi minti arba'in na farko kunya ta kama ni. Neo ya zama mai haɗa wasan kwamfuta, yana zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, yana haɗiyar ƙwaya shuɗiya, ana ta zaman ofis ana surutu. Babban ɗana ya ce, Baba yaushe za a fara faɗan? Da faɗan ya zo ma bai kai ba. Daga baya na gane dalili: Yuen Woo-ping, mutumin Hong Kong da ya tsara faɗan ukun farko, ba ya cikin wanga. A da kyamara na tsayawa ka ga hannu ka ga ƙafa, ka ga inda duka ya sauka. A sabon sai yanke-yanke, kuma Neo yawanci tafin hannu kawai yake ɗagawa ya ture mutane. Yaran sun yi barci kafin ya ƙare.

'Yar Mabera:
Baban Ummi, Allah ya ba ka haƙuri, amma ni akasin haka na ji. Ni ban taso da shi ba, ukun farko a jere na kalle su lokacin zaman gida na korona, don haka ba ni da wani dogon jira da za a ɓata mini. Abin da ya fara jawo ni gaskiya jin cewa Priyanka Chopra na ciki. Ita ce Sati, ƙaramar yarinyar nan ta tashar jirgin ƙasa a na uku, ta girma. Fitowarta kaɗan ce, mu masu kallon Indiya mun so a ƙara mata. Amma abin da ya riƙe ni shi ne Trinity, masoyiyar Neo. An sauya mata suna Tiffany, an ba ta miji da 'ya'ya, an sa ta manta ko ita wace ce, sai babur kawai da take gyarawa ya rage mata. Zamansu da Neo a shagon kofi, kowa na jin ya san ɗan'uwansa amma ya kasa cewa daga ina, ni nan ne na yi hawaye. Da ƙanwata muka kalla a waya ɗaya, abin kunne ɗaya nata ɗaya nawa. Da sunka faɗo daga saman bene ya zama ita ce ta tashi sama tana riƙe da shi, ƙanwata ihu ta yi har Inna ta leƙo.

Ɗan Gawon Nama:
Ni rashin Laurence Fishburne, wanda ya fito Morpheus jagoran Neo a ukun farko, shi ne ya kashe mini jiki. Yahya Abdul-Mateen da ya gaje shi ya iya wasa, ba na musu, amma Morpheus mai natsuwa da muryar dattijo muka sani, ba mai kwat rawaya yana raha ba. Haka Smith, abokin gabar Neo, babu Hugo Weaving da ya saba fitowa a matsayinsa. Na kai rabi anka ɗauke wuta, ban ji zafin haka ba, ban kuma koma ba.

Injiniya Ƙarami:
Ɗan Gawon Nama, yayana, don Allah ka koma ka ƙarasa. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a jami'ar Ɗanfodiyo, mu da abokan ɗaki muka kalla a laftof, kuma gardamar da ta biyo baya ta fi fim ɗin tsawo. Morpheus ɗin nan ai ba wancan ba ne, fim ɗin da kansa ya faɗa. Manhaja ce Neo ya rubuta cikin wata ƙaramar duniya ta gwaji da ke maimaita kanta, ya haɗa halin Morpheus da na Smith, ya bar ta tana koyo. Duk wanda ya taɓa rubuta shiri ya ware masa wurin gwaji zai gane wannan nan take. Morpheus na gaskiya ya riga ya rasu, don a wajen Matrix, wato duniyar ƙaryar da injuna sunka saka mutane ciki suna jan makamashi daga jikinsu, shekara 60 ta wuce, shi ya sa Niobe, jarumar nan ta na biyu da na uku, ta tsufa tana shugabantar sabon gari mai suna Io.

Wurin da ya fi tsaya mini shi ne bayanin Analyst, likitan ƙwaƙwalwar nan na Neo, wanda ashe shi ya gina sabuwar Matrix. Wanda ya gina tsohuwar Matrix da lissafi ya yi aiki. Shi wanga ya ce ya gano mutane sun fi ba da makamashi idan an riƙe su tsakanin kwaɗayin abin da ba su da shi da tsoron rasa wanda ke hannunsu. Muna jin haka sai ɗaya daga cikinmu ya ɗaga wayarsa. Haka Facebook da TikTok ke aiki: manhajar na auna abin da ka daɗe kana kallo, ta ƙaro maka irinsa, kuma abin da ke ba ka haushi ya fi riƙe ka. A fim ɗin 1999 sai an soka maka igiyar na'ura a ƙeya kafin ka shiga Matrix. Mu nan da kuɗinmu muke sayen data mu shiga.

Malam na Arkilla:
Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne, ba mai yawan kallo ba, ƙanena ne ya matsa mini. Akwai wuraren da na sa ya wuce, kuma ina ba iyaye shawara su fara dubawa kafin su zaunar da yara, domin ba fim ɗin yara ba ne. Wurin da mutane ke faɗowa daga benaye su auka kan motoci a San Francisco ya dame ni ƙwarai, na daɗe ina ganinsa a ido. Amma tambayar da ke ƙarƙashin labarin ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun muna makarantar allo ake karantar da mu cewa rayuwar duniya jin daɗi ne mai ruɗi. Bambancin kawai, su injuna sunka ɗora wa laifi, mu kuma mun san son zuciya ne da Shaiɗan. Da na faɗa wa ƙanen nawa haka sai ya ce ai Analyst ɗin ma da son zuciyar yake kama su. Na ce to nan kam sun zo kusa.

Baban Ummi, Runjin Sambo:
Malam, gaskiya ne, ni ma da na sani da ban zaunar da ƙaramin ba. Injiniya, na ji bayaninka kuma na ƙaru, sai dai fim da sai ɗalibin kwamfuta ya yi maka sharhi kafin ka ji daɗinsa, akwai gyara. Na farko ba mu jin Turanci amma mun gane. Ko launin ma sun canza. A da kana ganin kore-koren nan ka san cikin Matrix ake, yanzu ko'ina hasken rana ne, sai na riƙa rikicewa. Kuma suna ta sako guntayen tsohon fim a tsakiya, kamar mai tuna maka da tuwon jiya alhali na yau na gabanka.

'Yar Mabera:
Sako tsohon da gangan ne, Baba. Lana Wachowski ita kaɗai ta ba da umarnin wannan, ba tare da 'yar'uwarta da suka yi ukun farko tare ba, kuma ta ce rasuwar iyayenta ce ta sa ta dawo da Neo da Trinity. Har cikin fim ɗin an faɗa wa Neo cewa kamfanin Warner Bros. zai yi ci gaban ko da shi ko ba shi. Wanda ya fito mijin Tiffany kuma Chad Stahelski ne, shi ne ya riƙa tsaya wa Keanu Reeves, mai fitowa Neo, a wuraren haɗari a na farko.

Na-Kanwuri:
Wannan na Chad ban sani ba sam, na gode. Ni kwafin da na fara samu na ɗaukar kyamara ne daga sinima, sauti na rawa, babu rubutun ƙasa, rabin maganar Analyst ta wuce ni. Injiniya, naka mai tsabta ne da rubutu? In haka ne zan biyo da filashi ranar Asabar bayan la'asar.

Injiniya Ƙarami:
Mai tsabta ne, da rubutun Turanci. Ka zo da mai gurbin giga huɗu, yayana. Ka taho da Ɗan Gawon Nama in zai yarda, mu fara daga inda wuta ta yanke masa.