Neman shawara: ɗakin lakca yana kan bene, 'yar ajinmu kuma tana kan keke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne wakilin ajinmu a wata jami'a a nan Katsina. Muna da 'yar aji mai amfani da keken guragu, ga shi kuma an sanya yawancin darussan wannan zangon a saman bene, inda babu hanyar hawa sai matakala. Ƙawayenta ne ke ciccibarta da keken kowace safiya, ranar da suka makara kuwa darasin ya wuce ta. Mun yi magana da baki ba mu ga canji ba, yanzu wasu na cewa mu fito zanga-zanga. Ina tsoron a kore mu, amma shirun ya fi damuna. Me kuke ba mu shawara?

Wata malama daga Daura:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Kafin komai, ku tambaye ta abin da take so, domin ita ce mai ɗaki, ita ta san inda yake yoyo, kuma ba kowace mace ce za ta yarda a mayar da ita abin kallo a bakin ƙofar makaranta ba. In ta amince, ku rubuta wa shugaban sashe da ofishin harkokin ɗalibai takarda, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Kada ku fara da neman gyaran gini, wanda sai an jira kasafin kuɗi. Ku nemi a sauya jadawali a sauko da darussan ƙasa, wannan ba ya cin ko kwabo.

Wani lauya:
Ƙanena, ku ambaci dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda marigayi Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019. Ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su samar da hanyar shigar keke, wa'adin kuma ya cika a Janairun 2024. Ku aika kwafin takardar ga hukumar ƙasa mai kula da masu buƙata ta musamman, wadda aka kafa a 2020.

Wani tsohon ɗalibi makaho:
Ban yarda a tsaya kan mutum ɗaya ba. Ku nemo makafi da kuramen da ke sauran sassa, domin akwai mai neman wanda zai karanta masa tambayoyin jarrabawa, akwai mai neman tafintan yaren hannu. Ku haɗa buƙatun a takarda guda, ƙungiyar ɗalibai ta sa hannu, mu kuma tsofaffin ɗalibai za mu raka ku ranar miƙa ta.