Kunkuru ƙirar 1972: fedar birki na kaiwa ƙasa, in sayi sabuwar masta (babbar silindar da feda ke dannawa) ko in sauya robarta?

Mai Kunkuru: Salam 'yan'uwa. Volkswagen Beetle ce, birkin durom a ƙafa huɗu. An sa sababbin silindar ƙafa, an fitar da iska, amma taka na farko feda sai ta kusa taɓa ƙasa, na biyu ta yi tauri. Ba yoyo ko'ina. Masta zan saya, ko robobinta kawai zan sauya?

Baba Makaniki: Wa'alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, ɗana. Feda mai tauri a taka na biyu yawanci lainin ne ya yi nisa da durom. Ɗaga motar, juya taurarin saiti biyu na kowace ƙafa har ta ƙi juyawa, sannan ka sassauta kaɗan har ta juya tana ɗan gogawa. Bayan nan ne ake fitar da iska. Masta da ta mutu daban take: ka danne feda ka riƙe, ta dinga nutsewa a hankali.

Injiniya: Zuba man birki nau'in DOT 5, ba ya shan ruwa.

Baba Makaniki: A'a, Injiniya. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da DOT 3 ko 4 da ke ciki. Ya tsaya a DOT 4, ya sauya duk shekara biyu, kuma kada ya bari ya ɗiga a fenti.

Direba: Oga, fara da ƙafar da ta fi nisa da masta. Sa siririn tiyo a kan notin iska, bakinsa cikin kwalba mai ɗan mai. Mutum ya taka ya riƙe, ka buɗe, ka rufe kafin ya saki. Kada kofin mai ya ƙafe.

Injiniya: Farawa da ƙafa mai nisa tsarin masta mai layin mai ɗaya ne. Tasa layi biyu ce, gaba ake farawa.

Direba: Injiniyan DOT 5 ne zai koya mana? 😄

Malam Gareji: Ku bar gardama, ga abin da ke kashe tsohuwar masta: taka feda har ƙasa lokacin fitar da iska. Roba ta bi ta wurin da tsatsa ta ci, ta yage. Sa katako ƙarƙashin feda. In ka buɗe ka ga ramukan tsatsa a ciki, sabuwar roba asarar kuɗi ce. Ka duba tiyon roba huɗu ma, suna kumbura ta ciki alhali waje lafiya, mai ya shiga ya ƙi komawa.

Abin da ke ci mini rai shi ne kayan yanzu. Silinda sabuwa fil daga kwali, ka ɗaga robar ƙura ka ga mai ya jiƙa ta. Wata zaren notinta ya lalace tun ɗaurin farko. Ran mutane fa ake wasa da shi.

Direba: Wallahi. Har lainin ma, wani baya zama daidai a durom.

Mai Kunkuru: Na gode. To ta yaya zan gane jabu kafin in ɗaura? Silindar da na sa ba suna a jikinsu.