Waɗanda suka taɓa riƙe aikin bishara a makaranta ku taimaka: taron fili ko bin ɗaki-ɗaki?

Saratu_Aji3:
Salama ƴan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi da hannunsu, kaina ya ɗaure. An zaɓe ni sakatariyar bishara ta zumuntar ɗalibai a kwalejinmu, kuma saura sati uku sababbin ɗalibai su shigo rajista. Abin da ke asusu dubu 85 ne cif, baikon da muka tara tun wancan zangon. Kwamiti ya rabu biyu, wasu na so a yi taron fili na kwana biyu a filin ƙwallo da lasifika da majigi, wasu sun ce a sayi Littafi Mai Tsarki mu bi ɗaki-ɗaki. Ku lura da kyau, makarantar gauraye ce, Musulmi da Kirista, kuma mu Kirista mu ne ƴan kaɗan, ofishin harkokin ɗalibai ya ce ba lasifika bayan ƙarfe shida na yamma, kuma ba a kawo mai wa'azi daga waje sai da takardar izini. Ranar Asabar zan ba kwamiti amsa. Ni abin da ke cin raina shi ne yaran da suke zuwa daga gida da bangaskiyarsu, kafin zango na biyu ka neme su a sujada ka rasa. Bara wata yarinya daga wajen garinmu ta zo, mawaƙiya ce a cocinsu, sau uku ta zo zumunta ta daina, yanzu in mun haɗu a famfo sai ta sunkuyar da kai.

Ɗan Zuru:
Ƙanwata kar ki ɓata lokaci, ku gayyato babban mai wa'azi daga Jos ku yi dare uku a jere har sha biyun dare, ku sa mawaƙa su buɗe murya. Mu haka muka yi, mutum sama da ɗari suka fito gaba.

Saratu_Aji3:
Yaya na faɗa fa, ba lasifika bayan shida, kuma dubu 85 ko kuɗin motar baƙo da masaukinsa ba za ta ishe mu ba.

Maman Godiya:
Ni ban taɓa riƙe muƙami ba amma abin da ya riƙe ni a zumunta zan gaya miki. Ranar da na sauka a makaranta da akwatin ƙarfe da katifa a naɗe, ban san kowa ba, layin rajista ya kai bakin ƙofa ga rana. Wata sista ta zo ta karɓi katifar ta ɗora a kanta, ta kai ni inda ake buga takardu, ta nuna mini wanda zai sa hannu da wanda zai ce in dawo gobe, da dare ta kawo mini tuwo a kwanonta. Ba ta yi mini wa'azi ba ranar. Sai ran Laraba ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce za mu nazarin Littafi, za ki zo? Ina zan iya ce mata a'a. Ku kafa tebur kusa da wurin rajista da ruwan sanyi da ƙusa da abin maƙala hoto, ku nemi izini tukuna, kowa ya zo ku taimake shi ba tambayar addini.

Bulus K:
Ƙanwata ki saurare ni da kyau, kujerar da kike kai na zauna a kanta kuma har yau tabon bai goge ba. A shekarata ta ƙarshe muka shirya irin taron nan. Kuɗi bai kai ba, shugabanmu ya ce in sa hannu da sunana a wurin mai hayar kaya, wai baikon taro zai biya, na ajiye katina na makaranta a shagon. Mai wa'azin kuwa wani ne a kwamiti ya ce ya san shi, ni ban taɓa jin bakinsa ba. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu mutumin nan ya bar nassin da aka ba shi ya shiga taɓa addinin maƙwabtanmu a lasifika, ga masallacin ɗalibai ba nisa. Ina tsaye kusa da janareta na ga mutane sun fara taruwa a bakin fili shiru ba mai magana, jikina ya ba ni, ni da hannuna na kashe janaretan. Allah ya sa shugaban ɗalibai Musulmi ɗan ajinmu ne, tare muke karatun dare, shi ya tsaya yana ba mutanensa haƙuri har masu gadi suka iso. Kafin gari ya waye baƙo ya kama motar farko ya tafi. To wa aka kira gaban kwamitin ladabtarwa? Mai sa hannu. Aka dakatar da ni zango guda, aka rufe zumunta. Lasifika ɗaya ta faɗi ta fashe a guje-gujen, mai kaya ya riƙe katina sai da mahaifiyata ta sayar da akuyoyinta biyu da buhun masarar da ta ajiye don damina. Duk wannan ba shi ya fi ƙona mini rai ba. Dattawan da suka zauna a kujerun gaba ranar taro, ba ko ɗaya da ya raka ni gaban kwamiti, sai saƙon waya wai muna yi maka addu'a. Ranar da na kwashe kayana wanda ya ɗaukar mini katifa har tasha abokin ɗakina ne, Musulmi, shi ya ƙara mini kuɗin mota. Shekara biyu ban taka ƙofar coci ba. Na dawo, Ubangiji bai bar ni ba, amma kar ki sa hannu a kan komai ke kaɗai, kuma duk wanda ba ki ji wa'azinsa da kunnenki ba kar ki miƙa masa makirfo.

Maman Godiya:
Wayyo Bulus sannu, hawaye ya zo mini wurin akuyoyin nan. Mama tana nan da rai?

Bulus K:
Tana nan, na mayar mata da guda huɗu da na fara aiki. Amma wanda ya ce in sa hannun yanzu babban mutum ne a ikkilisiya, mun haɗu a wani biki ya miƙo mini hannu kamar ba a yi komai ba. Ko haƙuri bai taɓa ba ni ba.

Ɗan Zuru:
Sannu ɗan'uwa, amma ba don mutum ɗaya ya yi kuskure za a rufe baki ba. Manzanni ma an ce su yi shiru suka ce ba za su iya ba.

Bulus K:
Manzanni sun tsaya sun amsa tambaya da kansu. Ba su kama motar asuba sun bar yaro a ciki ba.

Ishaya Kagoro:
A koma kan kuɗi. Littafi Mai Tsarki na Hausa na saya a Jos dubu shida da ɗari biyar, kin ga dubu 85 za ta ba ki goma sha uku, ba yawa amma abu ne da zai zauna a hannun mutum.

Rifkatu:
Yaushe ka saya haka? Ni a Kaduna dubu goma sha ɗaya aka ce mini watan jiya, da kyar ya bar mini a goma.

Ishaya Kagoro:
Wataƙila mai zif ne aka nuna miki. Na ce mai bangon kwali.

Yohanna Billiri:
Ku duka kuna ɓata kuɗi, akwai shi a waya kyauta da Hausa da Turanci, a YouVersion ma akwai. Ki sayi data ki sauke wa yara. Hayar kayan sauti kuwa dubu 40 za ta yi miki kwana biyu.

Rifkatu:
Dubu 40 a wace duniya? Mu dubu 120 muka biya ban da mai, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 mai janareta ma sai ka kawo galan ɗinka. Kuma ba kowane jambito, wato sabon ɗalibi, ke da babbar waya ba, ƙanena da ƴar rakani-kashi ya gama aji ɗaya.

Baba Malam Mai Ritaya:
Ɗiyata, Ubangiji ya ba ki hikima. Ni ɗan FCS ne, wato zumuntar ɗalibai Kirista, tun ina sakandare, ita kuwa ƙungiyar a Gindiri aka haife ta a 1957, kuma abin da muka gada ƙaramin rukuni ne, mutum biyar ko shida a ɗaki, a karanta sura a tattauna a yi wa juna addu'a. Ina koyarwa a Zariya a watan Maris na 1987 lokacin da rikici ya tashi daga taron ɗalibai a kwalejin ilimi ta Kafanchan, cikin kwanaki kaɗan ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada, aka rasa rayuka. Na ga hayaƙin da idona. Ban ce ku ɓoye fitilarku ba. Amma ki buɗe 1 Bitrus 3:15, an ce mu zauna da shirin amsa wa duk mai tambayarmu dalilin begenmu, kuma a yi shi da tawali'u da ladabi. Ku bi dokar makaranta, ku shiga ɗakin da aka buɗe muku kawai, mata wurin mata maza wurin maza, wanda ya ce ba ya so ku gode masa ku wuce.

Yohanna Billiri:
Baba da girmamawa, zamaninku ba waya. Yaran yanzu ko ka shiga ɗakinsu idonsu na kan TikTok. A can ya kamata a same su.

Rifkatu:
Wayar ma a yi hattara. Kowa ya san abin da ya faru da Deborah, ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022, daga saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu abin ya fara. Saratu ki gargaɗi yaranku, zauren aji na karatu ne, kar a kai gardamar addini can.

Ɗan Zuru:
Ni dai a ganina wannan magana ta fastoci ce, su aka horar. Ki je wurin fastonku abin da ya ce shi ke nan, ba kowa da ke nan ya isa ya ba da shawara ba.

Maman Godiya:
Fasto ba shi ke kwana a hostal ba ɗan'uwa. Da ta so fasto da ba ta zo nan ba, ta ce waɗanda suka taɓa yi. Bulus ya fi kowa cancantar magana a nan.

Ɗan Zuru:
Wanda ya yi shekara biyu ba coci?

Baba Malam Mai Ritaya:
Ɗana janye wannan maganar. Ba ta dace ba.

Talatu Yar Numan:
Ku tsaya in raba gardama. Saratu ki ɗora dafa-duka da ɗan kifi a sati na uku bayan rajista lokacin da garin kwakin kowa ya ƙare, kafin ki buɗe Yohanna 3:16 ɗaki ya cika har taga 😂

Ishaya Kagoro:
Ai Ubangiji ma bai sallami mutum dubu biyar da yunwa ba. Sai dai dubu 85 ɗin buhun shinkafa guda ce ta ƙare.

Talatu Yar Numan:
Haba, ƴar gida dubu 60 ce a wajenmu, har ta samu canjin manja da albasa.

Ladi M:
Ni maganar yarinyar nan ta bakin famfo ce ta tsaya mini, don ni ce ita a da. Kun san me ya kore ni? Turanci. Na taso da littafin waƙoƙi na Hausa, mamata ƴar zumuntar mata ce, addu'a in na fara da Hausa sai in manta da kaina. Ranar farko a zumunta aka ce sabuwa ta rufe mana da addu'a, na fara Ya Ubanmu na Sama, sai na ji ana ƙus-ƙus a baya wata har da dariya. Bayan an tashi wani ɗan kwamiti ya ja ni gefe ya ce nan babbar makaranta ce in riƙa ƙoƙartawa da Turanci. Ban sake komawa ba sai a aji uku. Ki je ki tambaye ta, ina da tabbacin ba duniya ce ta ɗauke ta ba, kunya ce.

Rifkatu:
Gaskiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu da shi suka san Almasihu, amma a makaranta sai a mayar da mai addu'a da Hausa kamar bai waye ba.

Yohanna Billiri:
To ai ba kowa ke jin Hausa ba, akwai ƴan kudu a zumunta, su a yi yaya da su?

Ladi M:
Ba wanda ya ce a kore su. Waƙa ɗaya cikin biyar ta yi yawa? Mu muna rera nasu na Yarbanci da na Ibo ba mu san ma'anar ba, muna rawa da murna.

Saratu_Aji3:
Yaya Ladi na gode, gobe zan neme ta a ɗakinsu. Amma don Allah har yanzu ban ji ba, teburin rajistar nan shi ma sai an rubuta takarda ofishin harkokin ɗalibai ne? Kuma wa zai sa hannu?

Bulus K:
Ba ke ba. Malamin da ke uban zumunta ya sa.

Ishaya Kagoro:
Mu a makarantarmu matsalar ta wuce yare ma. Zumunta goma sha ɗaya muke da su, kowace coci ta buɗe tata, ran Lahadi da safe motoci na jere a bakin get suna kwasar ɗalibai zuwa gari, ajin da muke sujada a ciki kuma sai mun yi rige-rige da masu lakcar ƙarshen mako, wani lokaci muna tsakar waƙa a ce mu fita.

Ladi M:
Kuma a cikin sha ɗayan nan nawa ke yin ko karatun nassi da Hausa? Ka faɗa mana tsakaninka da Allah.