Wuƙa ce ta kashe Yaya ko sakaci?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Yaya, kuma abin da ke cin raina sai na amayar. Ita da maƙwabciyarmu ciwo ɗaya ne, dajin mama, asibiti ɗaya aka yi musu aiki. Maƙwabciya ga ta nan tana tuyar ƙosanta, Yaya kuwa ba ta rufa shekara ba. Tun da aka sa mata wuƙa ba ta ƙara lafiya ba. Manya sun faɗa, daji ba ya son ƙarfe. Duk wadda aka ce za a cire mata nono ta yi karatun ta-natsu.

Maman Biyu: Allah ya jiƙanta, ya sa jinya ta zama kaffara.

Anti Nas: Amin. Auta, ki yi haƙuri, amma ita maƙwabciyar ai wuƙar aka sa mata, ga ta kuma da ranta. Sunan ciwon ne ɗaya, matakin da kowacce ta zo da shi daban. Abin da likita ke fara dubawa shi ne girman kullutun, sannan ko ya kai ga kaluluwar hammata, sannan ko ya tsallaka ƙashi, hanta ko huhu. Mataki huɗu ne. Wadda ta zo a na ɗaya ko na biyu ana sa ran ta warke. A na huɗu kuwa, tsawaita kwana da rage raɗaɗi ake yi. Bayan haka akwai irin ciwon. Wani irin, sinadarin jikin mace ne ke ciyar da shi, wannan ana tare shi da ƙwayar tamoxifen, shekara 5 zuwa 10. Wani mai HER2 ne, wato wani sinadari da ke sa ciwon saurin girma, yana da allurarsa Herceptin, sai dai tsada. Wani kuma duk ba ya jin waɗannan, sai kemo, wato magani mai ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, ga saurin yaɗuwa, kuma ana yawan samunsa a matan Afirka ta Yamma. Mu a nan yawanci sai nono ya fashe yana ruwa, an ɗaure da tsumma, ake kawo mana. Sakaci ke cinye mu.

Autar Hajiya: Sakaci? Anti, Yayar tawa ce mai sakaci? Matar da ta sayar da ɗan kunnenta da keken ɗinkinta?

Maman Biyu: Gaskiya Anti kalmar nan ta yi nauyi. Macen da ba ta fita sai da izini, kuɗin mota ma sai ta roƙa, ita za a kira mai sakaci? In akwai sakaci na mazan ne. Ka ce wa namiji akwai kullutu, ya ce ai bai yi zafi ba.

Kawu Direba: To, an zo wurin. Komai ya lalace maza. Ke kin san nawa ne zagaye ɗaya na kemo? Ga hoto, ga gwajin tsoka, ga gashin daji da inji a wani gari, a je a ce injin ya tsaya. Talauci sunansa talauci, a daina ce masa sakaci.

Malam na Bakin Kasuwa: Jama'a a ji tsoron Allah. Wanda kwanansa ya ƙare ko a Ingila yake sai ya tafi. Cewa sakaci ya kashe mutum kamar jayayya ce da ƙaddara.

Anti Nas: Malam, Allah ya gafarta, neman magani ma ai umarni ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon nan suna kai shekara 5 da rai, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kashi 40. Shi ya sa a 2021 ta kafa wani shiri mai buri uku: aƙalla kashi 60 a gano su a mataki na ɗaya ko na biyu, a gama bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su kammala magani. Na ukun nan shi ya fi ba mu wuya. Mace ta yi kemo biyu, gashin kai ya zube, dangi su ce magani ya fi ciwon illa, a ɗauke ta a koma jiƙe-jiƙe.

Kawu Direba: Lissafin Turawa ne wannan. Su sun zo unguwarmu sun ƙirga?

Maman Biyu: Kuma Anti, tunda ana maganar sakaci, ku ma ku gyara. Mace ta zo da tsoro ku daka mata tsawa a gaban mutane, ta ya za ta dawo?

Anti Nas: Ni ban taɓa yi wa majinyaciya tsawa ba. Ma'aikata biyu a ɗaki mai gado talatin, ki zo ki kwana ɗaya ki gani.

Kawu Direba: Maman Biyu, ke da kike zagin maza, wa ya kai ƙanwarki asibiti da tsakar dare bara, bai karɓi ko kuɗin mai ba?

Maman Biyu: Gori za ka yi min, Kawu? Faɗi nawa ne in aiko maka.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda rai na hannun Allah kamar yadda Malam ya faɗa, kuma babu magidancin da zai ƙi kai iyalinsa asibiti in yana da hali, kamar yadda Kawu ya nuna. Matsalar tsada ce, gwamnati ya kamata ta duba. Kalmar sakaci a janye ta. An rufe maganar.

Maman Biyu: Shugaba, maganar izinin fita fa? Ba ka ji ta ba?

Autar Hajiya: Anti, har yanzu ina jin zafin kalmarki. Amma Yaya ta bar 'ya mace babba, kuma gwaggonmu ma ciwon nan ne ya ɗauke ta. Yana bin jini ne?

Anti Nas: Kaɗan daga ciki yana bi, kuma mutum biyu a gida ɗaya abin lura ne. Ki kawo min ita ranar Litinin da safe a duba ta, ke ma a duba ki. Ki zo da takardun Yaya duka, musamman sakamakon gwajin tsoka.