Ziyarar Fas, daga nan mu bi duwatsu zuwa Tanja: wa ya san hanyar?

Sani, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu huɗu ne za mu je ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, ƙasar Maroko, cikin Janairu in Allah ya yarda: ni, Baba, Inna da ƙanena. Bayan ziyara muna son ɗaukar hayar mota mu ratsa duwatsu har bakin teku a Tanja, mu biya ta kabarin Maulaya Abdussalam bin Mashish. Baba yana fama da gwiwa. Wace hanya ta fi, kuma a ina za mu karɓi motar?

Alhaji Umaru, Marwa:
Wa alaikumus salam. Malam Sani, kada ku karɓi mota a Kasablanka, sai a Fas bayan ziyara. Jirgin Royal Air Maroc daga Duwala ko Yawunde zai sauke ku a can, kuma akwai jirgin ƙasa a cikin filin jirgin. Ku canza a tashar Casa Voyageurs, kusan awa 4 kun isa Fas. Mota ba ta da amfani a kwanakin ziyara, domin zawiyar Shehu tana cikin tsohon gari, unguwar Blida, kusa da masallacin Ƙarawiyyin, kuma lungunan nan ba sa shiguwa da mota. Kuɗin haya kawai za ku riƙa biya tana ajiye.

Saboda gwiwar Baba, ku shiga tsohon gari ta ƙofar R'cif. Masu shiga ta ƙofar Bab Bujlud gangara suke bi mai tsawo, dawowa kuma hawa ne zalla, dattijo ba zai ji daɗinsa ba. Ku nemi masauki a ɓangaren R'cif ɗin, ku tambaya tun kafin ku biya ko akwai ɗaki a ƙasa, don gidajen tsohon gari matakalarsu a tsaye take. Jan tasi na cikin gari mutum 3 yake ɗauka, ba ya ƙarawa, sai ku kasu biyu. Ku tsara Juma'a ta same ku a Fas don zikirin bayan la'asar, amma ku isa da wuri, wajen yana cika.

Kuɗi kuma, ku canza sefa zuwa yuro tun daga gida. Dirhami 100 kusan sefa 6,000 ne.

Malam Isa direba, Ngaundere:
Hanyarku ita ce N13: Fas, Wazzan, Shafshawan, kimanin kilomita 200. Kada lissafin ya ruɗe ku, awa 4 ne ko fiye, hanya ce mai hannu biyu, manyan motoci da taraktocin masu zaitun suna rage gudu. Idan taswirar waya ta nuna muku ta Tawunat da Ketama, ku ƙi. Ta fi tudu, ƙanƙara tana sauka a can da hunturu, ga masu tallar wiwi da ke bin baƙuwar mota.

Wanda ya saba saukowa gangaren Mbe daga Ngaundere ya riga ya san darasin: giya ake saukowa da ita, ba birki ba. Ka sa ta biyu ko ta uku tun daga saman gangara, ka taka birki da ɗan ƙarfi ka saki, ka sake takawa ka saki. Idan ka ɗora ƙafa ka bar ta, takalmin birki yana zafi, man birki ya tafasa, feda ta yi laushi ta nutse. Ka ji warin ƙuna, ka faka inda akwai fili, ka ba ta minti 20, kada ka watsa ruwa a faifan, lanƙwashewa yake yi. Mutum 4 da jakunkuna nauyi ne, ku ɗauki mai shan gazuwal irin Dacia Logan ko Duster, ƙaramar mai fetur za ta yi ta nishi a hawa. Kafin ku sa hannu ku duba taya, safaya, jak da robar goge gilashi, don Janairu damina ce a can, hazo kuma yana rufe hanya.

Jandarma suna da na'urar auna gudu, sun fi tsayawa a mashigar ƙauyuka inda allo ya koma 60. Inda aka rubuta "Halte", tsayawa cak ake yi a gindin allon har sai jandarma ya yafito ka. In an ci ka tara, ka karɓi rasit.

Hajiya Rabi, Kusiri:
Malam Isa ya gama magana a kan mota. Abin da zan ƙara, kada ku haɗa Fas da dutsen Alam, inda kabarin Maulaya Abdussalam yake, a yini ɗaya. Yinin Janairu kusan awa 10 ne kawai. Ku kwana Shafshawan, washegari da hantsi ku kama N2 ta Tetuwan, daga ita ake kaucewa a hau dutsen. Hanyar siririya ce, kwana a kan kwana, ba ta dare ba ce. Kabarin a fili yake a ƙarƙashin bishiya, ba rufi, kuma ana cire takalmi, don haka safa mai kauri, rigar sanyi da bargo ga su Baba. Mutumin Garwa bai san irin wannan iskar ba. Ku tanadi canji na sadaka a aljihu daban, masu roƙo suna da yawa. In kun wayi gari da ruwa da hazo, ku haƙura da dutsen ku wuce Tetuwan.

Sani, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Alhaji, motar sai mun mayar da ita Fas?

Alhaji Umaru, Marwa:
A'a, ana barinta a Tanja, amma akwai ƙarin kuɗi, a rubuta shi cikin takarda tun farko. Manyan kamfanoni suna riƙe kuɗin jingina a katin banki mai sunan direba, ka tabbata katinka yana aiki a waje kafin ka bar Garwa. Ka riƙe lasin ɗinka da na ƙasa da ƙasa, ka ɗauki bidiyon jikin motar a gaban ma'aikacinsu, har da ma'aunin mai. Daga Tanja ku hau jirgin ƙasa mai gudu, Al Boraq, awa 2 da 'yan mintuna zuwa Casa Voyageurs, can za ku canza zuwa na filin jirgi. Ku yanki tikiti kwana biyu kafin tafiya don ku sami kujeru wuri ɗaya.