Babur ba ya riƙe sulo tun da damina ta kama: kafireta ce ko mai?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina acaɓa da Bajaj Boxer tsakanin Agege da Abule Egba a Legas, kuma tun da ruwan Yuni ya kankama babur ɗin ya sauya hali. Da safe sai na yi kik biyar ko shida kafin ya tashi, idan ya tashi kuma, da zarar na saki totur sai ya mutu, wato ba ya riƙe sulo, a kan hanya ma yana fizga kamar mai ya ƙare alhali tanki ya fi rabi. An wanke kafireta sau biyu, an sauya filogi, ya yi kwana biyu lafiya sannan ya koma gidan jiya. Yanzu an ce in sayi sabuwar kafireta, amma yadda mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ba ni da kuɗin da zan kashe a kan zato. Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Mai acaɓa a Ojo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna, domin abin da ka faɗa shi ne ya same ni a daminar bara, kuma ruwa ne. A ƙasan kofin kafireta akwai ɗan sukuru na zubar da mai. Ka rufe makunnin mai, ka tara farar roba mai tsabta, ka kwance sukurun, ka bar abin da ya zubo ya natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka za ka gan shi a kwance a ƙasa. Ni robar murfin tankina ce ta mutu, kuma a waje babur yake kwana a Alaba Rago, duk ruwan da aka yi sai wani ya sulale ciki. Shi ya sa wankin bai yi maka amfani ba: an tsabtace kofi, an bar tankin da ke cika shi.

Tsohon bakanike, Idi-Araba:
Maganar ruwa gaskiya ce, amma yaro, kafin ka yarda da kowa, har da ni, ka kwance filogi ka duba kansa. Idan ya yi baƙi da busasshen hayaƙi, mai ya fi iska yawa, sai ka duba soson iska ko ya jiƙe ko ya toshe, ka kuma duba ko cok, wato abin da ake ja don inji ya tashi da sanyi, ya maƙale. Idan ya yi fari fat, iska ta fi mai yawa, kuma galibi ƙaramin jet ne, wato ɗan bututun da mai ke bi a cikin kafireta, ya toshe ko robar da ta haɗa kafireta da inji ta tsage tana shan iska ta gefe. Kalar ƙasa-ƙasa ita ce lafiya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne wankin da wasu yara ke yi: su kwance kofi, su ɗauraye shi da fetur, su mayar, su karɓi kuɗi. Ƙaramin jet shi ne ke riƙe sulo, raminsa kuwa bai kai kaurin allura ba, dole a fito da shi a hura masa iska har a hango haske ta ciki. Kada ka bari a zura masa waya mai kauri, domin idan ramin ya faɗaɗa, babur zai riƙa shan mai har ranar da ka sauya jet ɗin.

Tsohon ɗan Apapa:
Baba ya faɗi daidai. Da aka hana acaɓa a Apapa ranar 1 ga Yunin 2022, na jingine babur ɗina wata huɗu da mai a cikinsa. Fetur ya bushe ya bar wani danƙo a kofi, ƙaramin jet ya toshe, babur ba ya tashi sai da cok, kuma da an mayar da cok sai ya mutu. Allurar fulot ma, wadda ke tsayar da mai idan kofi ya cika, ta maƙale, mai yana ta ɗiga ta tiyon ƙasa. Jet da allura kawai na sauya, kafiretar da ta zo da shi har yau ita ce a jiki.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. Na tara robar kamar yadda Malam na Ojo ya ce, ruwan da ya kwanta ya kai cokali biyu, har da tsatsa. An sauke tanki an zubar, na sauya murfi da matatar mai, kuma yau kwana huɗu da kik ɗaya yake tashi. Sai dai Baba, idan inji ya yi zafi sulo yana hawa da kansa, ba ya saurin sauka. Robar da ka ambata ce, ko sukurun daidaita iskar kafireta aka taɓa wajen wanki?